Shin ya dace a nemi shaidar rigakafi kafin tafiya ko shiga wurin shaƙatawa?

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kaduna ta rubuto tana cewa: "Likita, gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da maigida. Shi yana ganin a tare mutum a filin jirgi ko a ƙofar wurin wasan yara irin su Disneyland a ce sai ya nuna katin rigakafi tauye haƙƙi ne, tunda jikinsa nasa ne. Ni kuma ina ganin duk wanda zai shiga cikin dubban jama'a dole ya nuna ba zai ɗauko musu cuta ba. Muna shirin fita hutu da yara, har da jaririya. Wa ya fi gaskiya?"

Amsa:

Hajiya, gardamarku ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Iyakar ƙasa daban, ƙofar wurin wasa daban. A kan iyakar ƙasa ina tare da ke, amma a kan wasu cututtuka ƙalilan da aka sani. A ƙofar wurin wasa kuwa na fi karkata ga maigida, ko da yake dalilina ba irin nasa ba ne. Abin da nake fara dubawa a kowace doka irin wannan shi ne: allurar da ake neman shaidarta tana hana mai ita ɗaukar cutar ya kai wa na kusa da shi, ko shi kaɗai take karewa? Sannan wanda ake nema wa katin, yana da halin samun allurar kuwa? Sauran maganar duk a kan waɗannan biyu take hawa.

Neman shaidar rigakafi wajen matafiyi ba korona ce ta kawo shi ba. Duk wanda ya taɓa fita Najeriya ko Nijar zuwa Ghana, Afirka ta Kudu ko Indiya ya san ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira yalo kad. Idan kika buɗe shi za ki ga suna, ranar haihuwa, ranar da aka yi allurar cutar shawara, sunan kamfanin da ya haɗa ta, lambar rukunin da aka ɗebo kwalbar daga ciki, sa hannun ma'aikacin lafiya da hatimin cibiyar. Lambar rukunin nan da mutane ba sa kula da ita, ita ce ke nuna cewa akwai kwalba ta gaske a bayan takardar. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, domin tsawon lokacin da jiki ke ɗauka ke nan kafin garkuwa ta kafu. A da sai an sake ta duk shekara 10, amma tun daga watan Yulin 2016 katin ya zama na har abada, saboda bincike ya tabbatar cewa allura ɗaya ta wadatar ga mafi yawan mutane. A cikin dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa da aka sabunta a 2005, waɗanda suka fara aiki a 2007, shawara ce kaɗai cutar da aka kama sunanta a ce ƙasa na da ikon neman shaidar allurarta daga matafiyi.

Me ya sa ita? Domin duk sharuɗɗan sun haɗu a kanta. Cuta ce mai kisa: cikin waɗanda ta yi wa tsanani, ido ya koma ɗorawa, jini ya fara zuba, kusan rabi ba sa tashi, kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar. Sauro ne ke ɗauko ta daga jinin mai ita ya kai wa wani. Mutum zai iya cizuwa yau, ya hau jirgi gobe lafiyarsa ƙalau, sai bayan kwana 3 zuwa 6 zazzaɓi ya taso masa a wata ƙasa, sauron can ya cije shi, shi ke nan an dasa. Allurar kuwa, wadda Max Theiler da abokan aikinsa suka samar a 1937, tana hana ƙwayar samun wurin zama a jini tun farko. Wanda aka yi wa, sauro ba ya samun abin ɗauka a jikinsa. Nahiyar Asiya cike take da irin sauron da ke yaɗa shawara, ga biliyoyin mutanen da ba su da garkuwarta, amma cutar ba ta taɓa kafuwa a can ba. Shi ya sa idan kika kai mara lafiya asibiti Indiya daga nan babu katin, za su iya killace ki har kwana 6. A 2016, lokacin ɓarkewar da ta faro a Luwanda ta Angola, ma'aikata 11 'yan ƙasar Sin sun koma gida ɗauke da cutar. Allah ya taƙaita ba ta yaɗu ba, amma masana lafiya a duniya sun shiga damuwa sosai a wannan shekarar, har allurar ta yi ƙaranci aka riƙa raba kason mutum ɗaya gida biyar a Kinshasa, babban birnin Kongo.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne aikin Hajji, kuma a kansa nake so maigida ya tsaya ya yi nazari. A 1987 sanƙarau ya ɓarke a tsakanin alhazai, suka kwasa suka kai ƙasashensu. Daga nan Saudiyya ta wajabta allurar sanƙarau ga duk maniyyaci. A 1996 kuma arewacin Najeriya ya ga annobar da har yau dattawa ba su manta ba, mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, asibitoci suka cika har ana kwantar da yara a ƙasa. A wannan shekarar Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya shiga gaba ɗaya. Mutane sun biya kuɗin kujera, sun yi sallama da dangi, suka zauna a gida. Sai kuma a 2000 da 2001 wani nau'in sanƙarau da ake kira W135, wanda allurar wancan lokaci ba ta rufe shi ba, ya bulla a Makka da Madina, alhazai suka kai shi har Ingila da Faransa, aka ga ya kama iyalansu da ba su je ko'ina ba. A 2002 nau'in ya haddasa babbar annoba a Burkina Faso. Saboda haka aka koma allurar da ta haɗa nau'i huɗu, wadda ake yi wa maniyyata har gobe, aƙalla kwana 10 kafin isa. Alhazan da suka fito daga ƙasashen da shan inna bai gama ƙarewa ba kuma, ana ɗiga musu maganin a baki idan sun sauka, komai shekarunsu.

Abin lura a nan shi ne, a wurin ƙasar da ke tsoron annoba, zaɓin ba tsakanin kati da sakin ƙofa a buɗe yake ba. Zaɓin tsakanin kati ne da rufe ƙofa ga al'umma gaba ɗaya, kamar yadda aka yi mana a 1996. Katin shi ne mai sauƙin. Shi ke ba mai lafiya damar wucewa maimakon a haɗa shi da mara lafiya a hana su duka. Kuma a addinance ma ba baƙon abu ba ne a taƙaita zirga-zirga saboda annoba. Hadisin sananne ne, wanda ya hana shiga garin da annoba ta faɗa wa, ya kuma hana na ciki fita, kuma da shi Sayyidina Umar ya yi aiki ya juya daga hanyar Sham. Jikin mutum nasa ne, gaskiyar maigida ke nan, kuma babu wanda ya isa ya danne baligi mai hankali ya soka masa allura. Amma ƙwayar da ke maƙogwaronsa ba ta tsaya a jikinsa, tana zuwa ga wanda suka kwana tanti ɗaya a Mina.

Sai dai akwai ɓangaren tarihin da masu goyon bayan kati ba su cika faɗa ba. An taɓa neman shaidar allurar kwalara daga matafiya. A 1973 aka cire wannan sharaɗi, domin an gano allurar wancan zamani ba ta hana cutar bin matafiyi ta tsallaka iyaka. An kuma daɗe ana neman ta agana, da aka tabbatar an kawar da cutar daga doron ƙasa a 1980, sai aka janye sharaɗin a 1981. Wato dokar kirki tana da ranar saukarta. Idan allurar ba ta yin aikin da aka kafa dokar dominsa, ko cutar ta kau, ci gaba da neman takarda ya zama wahalar da mutane kawai.

A nan ne korona ta rikita lissafi. Allurar korona ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa, ban da shakka a kan wannan, musamman tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Amma ƙarfinta wajen hana mutuwa ya fi ƙarfinta wajen hana yaɗawa nesa ba kusa ba, kuma na biyun yana raguwa cikin 'yan watanni. A watan Yulin 2021, bayan wasu bukukuwa a garin Provincetown na jihar Massachusetts a Amurka, an ƙirga mutum 469 da suka kamu, kashi 74 cikin 100 nasu sun yi allura cikakkiya. Yawancin mahalarta bikin dama masu allura ne, shi ya sa adadin ya yi yawa haka, kuma kaɗan ne ƙwarai suka kwanta asibiti, wanda ya nuna allurar ta yi aikinta na kare rai. Amma darasin ya fito fili: mai kati zai iya kamuwa, zai iya yaɗawa. Da nau'in Omicron ya bayyana a ƙarshen wannan shekarar, tazarar da ke tsakanin mai allura da mara ita wajen yaɗawa ta ƙara tsukewa. Duk da haka Amurka, wadda ta fara neman shaidar daga baƙi masu shiga ta jirgin sama a ranar 8 ga Nuwambar 2021, ba ta janye ba sai watan Mayun 2023, alhali cutar ta riga ta game kowane lungu na ƙasar. A ganina wannan dokar ta wuce lokacinta da fiye da shekara guda.

Abin da ya fi ƙona min rai kuwa shi ne sharaɗi na biyu, wato samun allurar. Tun watan Afrilun 2021 kwamitin gaggawa na Hukumar Lafiya ta Duniya ya shawarci ƙasashe kada su mai da shaidar allurar korona sharaɗin shiga, saboda ba a gama sanin yadda take hana yaɗawa ba, kuma rabonta a duniya ba adalci. Ba a saurara ba. Najeriya mai mutum sama da miliyan 200 ta karɓi kason farko na COVAX, shirin raba allurar korona ga ƙasashen duniya, a ranar 2 ga Maris 2021, ƙasa da allura miliyan 4. Ghana ta riga mu da kusan mako guda, ta samu 600,000. Waɗannan alluran samfurin AstraZeneca ne da aka haɗa a Indiya da sunan Covishield. Da Tarayyar Turai ta ƙaddamar da katinta na korona a ranar 1 ga Yulin 2021, Covishield ba ya cikin jerin da hukumar magungunanta ta amince da su, sai daga baya ƙasashe ɗaya bayan ɗaya suka riƙa karɓa. A watan Satumba kuma Birtaniya ta fitar da ƙa'idar da ba ta ɗauki wanda aka yi wa allura a yawancin ƙasashen Afirka a matsayin mai allura ba, ko da kwalbar daga wajensu ta zo a matsayin gudummawa. Shugaban cibiyar yaƙi da cututtuka ta Afirka na lokacin, Dakta John Nkengasong, ya fito ya yi Allah wadai da hakan. Ki duba halin da aka jefa ma'aikacin lafiyar da ke yawo unguwa-unguwa yana lallashin jama'a. Me zai ce wa wanda ya tambaye shi, idan allurar nan mai kyau ce, don me waɗanda suka ba mu ba su yarda da ita ba? A watan Disamba na wannan shekarar Najeriya ta lalata allura sama da miliyan 1 da aka kawo mata dab da lalacewarsu. A irin wannan yanayi, neman kati a bakin iyaka ya koma tantance wanda ƙasarsa ke da kuɗi.

Yanzu mu zo ga wurin shaƙatawa. Hujjar masu son a nemi kati tana da ƙarfi, kuma daga Disneyland ɗin ta samo asali. A watan Disambar 2014 wani mai ɗauke da ƙyanda ya shiga wurin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, har yau ba a gano ko wane ne ba. Cikin 'yan watanni mutum 147 suka kamu a jihohi 7 na Amurka, cutar ta tsallaka Meziko da Kanada, inda ta kama wasu sama da 150 a lardin Quebec cikin wata al'ummar da ba ta yin rigakafi. Ƙyanda ba ta da na biyu wajen saurin yaɗuwa. Ƙwayar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa garkuwa da suka shaƙa, 9 za su kamu. Mai ita yana yaɗawa kwana 4 kafin ƙuraje su fito, lokacin da uwa ke zaton mura ce. Cikin waɗanda suka kamu a Kalifoniya akwai jarirai 12 da ba su kai shekarun allura ba. Su ba su zaɓi komai ba, kuma duk mai maganar 'yanci sai ya amsa tambayar haƙƙinsu.

To amma ki duba inda Kalifoniya ta kai gyaran. Ba ta sa masu gadi a ƙofar Disneyland su riƙa duba kati ba. A ƙarshen watan Yunin 2015 Gwamna Jerry Brown ya sa hannu a dokar da ta soke damar da iyaye ke da ita ta ƙin yi wa yaro rigakafi bisa ra'ayin kansu idan za su sa shi makaranta, aka bar uzurin rashin lafiya kaɗai. Na yarda da wannan hanyar. Makaranta tana da rajista, tana da lokacin zama da iyaye, tana iya tura yaro asibiti ya cike abin da ya rasa ya dawo. Yaro yana wuni a aji ɗaya da yara iri ɗaya watanni tara a shekara. Mai karɓar tikiti a ƙofar wurin wasa kuwa daƙiƙu kaɗan gare shi a kan kowane mutum, ga layi ya miƙe, ga takardu daga ƙasashe barkatai cikin harsunan da bai sani ba. Yawancin manya ma ba su san inda katinsu na yarinta yake ba. Kuma wanda aka kora daga nan zai wuce kanti, gidan abinci ko tashar jirgin ƙasa da ƙyandarsa, inda babu mai tambayarsa komai.

A zamanin korona an gwada hanyoyi mabambanta, har a cikin ƙasa ɗaya. A jihar Fulorida ta Amurka, inda wurin wasan Disney World yake, Gwamna Ron DeSantis ya haramta wa 'yan kasuwa neman shaidar allura daga abokan cinikinsu tun Afrilun 2021, aka biyo da doka mai tarar dala 5,000 kan duk wanda ya saɓa. A gundumar Los Angeles kuwa, daga 7 ga Oktoban 2021 sai da shaidar allura ko ta gwaji ake shiga wurin shaƙatawa na Universal Studios Hollywood, alhali Disneyland da ke gundumar da ke maƙwabtaka da ita ba ta shiga dokar ba. A Faransa, Shugaba Emmanuel Macron ya yi jawabi a ranar 12 ga Yulin 2021, daga 21 ga watan aka fara neman takardar lafiya, wato shaidar allura ko ta gwaji, a wuraren nishaɗi, har da Disneyland ta Paris, daga 9 ga Agusta aka haɗa da gidajen abinci da jiragen ƙasa masu dogon zango. Cikin kwana ɗaya da jawabin, mutum kusan miliyan 1 suka nemi layin allura ta intanet.

Wannan adadi shi ne ainihin amfanin da dokar Faransa ta yi, kuma ya kamata a faɗe shi da sunansa. Wurin wasa yawancinsa fili ne, iska na kaɗawa, korona kuma a rufaffen ɗaki ta fi yaɗuwa. Katin da ke ƙofa bai ƙara wa na ciki wata kariya mai yawa ba. Abin da ya yi shi ne matsa wa masu jan ƙafa lamba su je a yi musu. A ƙasar da allura ke jibge kyauta a kowace unguwa, asibitoci kuma na neman cika, ana iya kare wannan mataki na ɗan lokaci, musamman da yake a farko an bar ƙofar gwaji ga wanda ba ya so. Faransa ta janye shi a watan Maris 2022. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwamnati ta ce wa jama'a "don kada ku yaɗa ne" alhali manufarta "don ku je a yi muku ne". Ranar da mai kati ya kamu, ya ga maƙwabcinsa mai kati ya kamu, zai ce an yaudare shi, kuma ba allurar korona kaɗai zai juya wa baya ba, har da ta ƙyandar ɗansa.

Mu a arewa mun san tsadar rasa amana fiye da kowa. A cikin annobar sanƙarau ta 1996 ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru kafin a sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya sa jita-jitar 2003, cewa maganin shan inna yana hana haihuwa, ta samu gindin zama, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa Yulin 2004. Ƙwayar ta fita daga nan ta kai ƙasashe kusan 20, har Sudan, Yaman da Indonesiya. Abin da ya dawo da jama'a ba tilas ba ne. Sarakuna ne da malamai da masu unguwanni da matan da ke shiga gida-gida, shekara da shekaru, har aka ga na ƙarshe da ya kamu a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar a watan Agustan 2020.

Akwai kuma illar da tilas ke haifarwa a inda tsari ba shi da ƙarfi, wato kasuwar katin bogi. A watan Maris 2012 Afirka ta Kudu ta juyo da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin yalo kad ɗinsu na jabu ne, Najeriya ta rama, daga baya Afirka ta Kudu ta nemi afuwa. Amma ko mu mun san matsalar ba ƙage ba ce. Mutum ya zo da fasfo da tikiti saura kwana biyu ya tashi, wani ya ja shi gefe ya ce kawo kaza, a buga hatimi a mayar da kwanan wata baya, allura ko kusa da dantsensa ba ta je ba. Shi ya sa a 2019 aka koma katin da ake rajistarsa ta intanet, mai lambar da ake iya tantancewa. Katin bogi ya fi rashin kati muni, domin mara kati an san shi, ana iya yi masa allura ko a sa masa ido, mai na bogi kuwa ya wuce a matsayin amintacce. Duk ƙofar da aka ƙara wa sharaɗin kati ba tare da hanyar tantancewa ba, an ƙara wa masu buga hatimi kasuwa ne. Ina roƙon maigida, ko da bai canza ra'ayi ba, kada ya bi wannan hanyar.

Ki kwatanta da namu wuraren. Ranar yawon Sallah a gidan zoo na Audu Bako a Kano, yara ne rututu, wasu da yayyensu, wasu su kaɗai da kuɗin barka da Sallah a aljihu. A ce sai mai katin rigakafi zai shiga. Wa za a bari a waje? Yaron da aka haifa a gida, wanda ba a taɓa kai shi awo ba, da wanda katinsa ya jiƙe a damina, da almajiri. Za su yi cincirindo a bakin ƙofa, cunkoson da ake gudu ya ƙaru, kuma ko yaro ɗaya ba a yi wa allura ba. Da ni za a tambaya, a irin wannan rana rumfa za a kafa a gefen ƙofa, da ma'aikata da akwatin sanyi, duk uwar da ta zo a duba abin da ɗanta ya rasa a cike masa kyauta, kamar yadda aka riƙa tare yara a kasuwanni da tashoshin mota lokacin yaƙi da shan inna. Ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta nuna yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba su samu allurar jarirai cikakkiya ba. Wannan giɓin a asibitin unguwa yake, can ne za a toshe shi.

Wuri guda na shaƙatawa da zan goyi bayan a nemi kati a ƙofarsa kullum shi ne inda cutar take zaune a wurin. A watan Agusta da Satumbar 2019 shawara ta ɓarke a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, aka gano tana da alaƙa da dajin Yankari. Masu yawon buɗe ido, har da ɗalibai daga Jihar Borno, sun kamu, wasu suka rasu bayan sun koma gida. A daji ƙwayar tana zagayawa tsakanin birai da sauro, baƙo mara garkuwa kuma shi ne gadar da za ta bi ta shiga gari. A nan allura ɗaya ce, ta har abada, katinta sananne ne, baƙin ba su da yawan da zai gagari dubawa, kuma tana hana yaɗawa da gaske. Haka ma jirgin ruwan yawon shaƙatawa, inda dubban mutane ke rufe wuri ɗaya kwana da kwanaki nesa da asibiti, yana da hujjar da filin lilo ba shi da ita idan ana cikin annoba.

Duk dokar da za a yi kuma dole ta bar wa masu uzuri hanya. Allurar shawara ba a yi wa jaririn da bai kai wata 6 ba ko kaɗan, a ƙa'ida sai ya kai wata 9. Ba a yi wa mai raunin garkuwar jiki sosai, ko wanda ƙwai ke tayar masa da mummunan borin jini, kuma ana taka-tsantsan da mai juna biyu da wanda ya haura shekara 60. Irin waɗannan likita ke rubuta musu takardar uzuri mai hatimi, amma ki sani ƙasar da za a shiga tana da ikon ƙin karɓa ko ta killace mutum.

Game da tafiyarku, ku je ofishin lafiya na filin jirgi ko cibiyar da aka amince da ita tun saura wata guda, kada ku jira sai an buga biza. Ku bincika sharaɗin ƙasar da za ku, har da wadda za ku ya da zango, domin wasu suna ƙirga tsayawar da ta wuce awa 12 a filin jirgi. Yaran da suka girma ki tabbatar kowa ya samu allurar ƙyanda sau biyu, ta wata 9 da ta wata 15, domin biyun ne ke ba da kariyar da ta kai kusan kashi 97 cikin 100. Jaririyar kuma, idan ta kai wata 6 amma ba ta kai wata 9 ba, ki yi magana da likitanta a kan yi mata ta ƙyanda da wuri, aƙalla mako 2 kafin tashi, sannan a sake mata a lokacinta na ƙa'ida idan kun dawo. Idan ba ta kai wata 6 ba, shawarata ku ɗage zuwa wurin cunkoson har ta ƙara ƙwari.